Matsa, Riƙe, Saki

"Matsa," in ji Baba daga gindin taya. Auta ta matsa hannun birkin sau uku. "Riƙe." Ta riƙe har yatsunta suka ƙage.

Kwana ashirin ke nan babur ɗin nan mai ƙafa huɗu yana garejin gona, an lulluɓe shi da tamfol, ba mai son kallon sa. Shi ya kashe Yaya, wan Auta. Baba ne a kai, ya gangaro daga sito da buhunan taki, Yaya kuma yana tsugune a bakin get yana gyaran sakata. Baba ya ce ya matsa birki, birki ya ƙi kamawa. Kowa ya ce ƙaddara ce. Maigona ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a juye man birkin, a fitar da iskar da ta shiga, kafin wani ya sake hawa.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana matsa birki, ɗaya yana ƙasa yana kwance ɗan noti, tsohon mai ya bi siririn tiyo ya zuba a kwalba. Doka ɗaya ce tal: na sama ba ya saki sai na ƙasa ya ɗaure notinsa. In ya saki, iska ta koma ciki, birki ya yi laushi kamar soso.

Auta ta san dokar. Ta kuma san ta karya ta.

Kwana biyu kafin abin ya faru, ita da Yaya suka yi wannan aikin, don tun bara Baba ya sakar wa Yaya duk wani aiki mai ƙananan notuna, wai yaro ya koya. Yaya yana ƙasa yana ta tsokanar ta. "Ke Auta, wannan hannu ne ko jiƙaƙƙen tsumma? Abincin da kike narka ina yake tafiya?" Dariya ta ƙwace mata, hannu ya suɓuce. Ƙiftawar ido ɗaya ce, ta yi maza ta sake damƙewa. Yaya ya ɗago kai. "Kin dai riƙe?" Ta ce, "Na riƙe."

Wannan kalmar ce ta hana ta sukuni. Ba ta iya haɗiye abinci. Umma ta ɗauka kewa ce, takan jawo ta jikinta ta ce, "Ke kaɗai kika rage min." Auta sai ta sandare. In ta faɗa, wa zai ƙara jawo ta haka? In ba ta faɗa ba, ga Baba kullum yana ramewa, yana zaune a ƙofar gareji ya zuba wa wuri ɗaya ido, maƙwabci ya ɗaga masa hannu ma ba ya amsawa.

"Saki," in ji Baba.

Ta saki. Ya miƙe ya ƙara sabon mai a ɗan tankin da ke kan hannun babur. Man ya cika ya malalo kan fenti, bai daina zubawa ba sai da ya jiƙa masa yatsa. Auta ta goge da tsumma. Ai baƙin ciki yana sa mutum fiye da haka.

Ya koma ƙasa, ya shafa siminti har ya ci karo da sifana. Ya turo kwalbar inda za ta hango. "Duba min, wuyana ba ya juyuwa yau. Kumfa na fita?"

Ta zuba wa tiyon ido. Kumfar nan ita ce shaidarta, yanzu za ta fito kowa ya gani. Mai ya gangaro sumul, ko ɗigon kumfa babu.

"Ban gani ba, Baba."

"Tana nan. Ke ce ba ki lura ba. Mu koma ɗaya tayar."

Hannun birkin tauri gare shi kamar dutse tun matsawar farko. Ta ce a ranta yunwa ce ta cinye mata ƙarfi. Suka gama taya ta biyu, babu komai. Lallai iskar ta ɓuya a ta baya, inda hannunta ya suɓuce ranar. Baba ya ja gwiwa ya koma can. Ta hango ƙeyarsa, duk ta yi furfura, da wuyan rigarsa da ya yi masa yawa.

"Matsa. Riƙe."

Ba ta riƙe ba. Hannunta ya faɗi gefe, kuka ya ƙwace mata.

"Baba, ni ce. Ni na saki kafin Yaya ya ɗaure. Ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Ni na sa iska a birkin. Don Allah kar ka gaya wa Umma, ka dake ni, ka yi min komai, amma kar ka gaya mata."

Sifana ta faɗi a siminti. Baba ya dafa taya ya tashi, ya miƙo hannu zai share mata hawaye, hannun ya sauka a kunnenta.

"Kwana ashirin, Auta? Ke kaɗai kina ɗauke da wannan?"

Ta gyaɗa kai. Ya tsaya yana jiran amsa, sai da ta ce, "E."

Ya zauna daɓas cikin man da ya zube.

"Birkin lafiyarsa lau, 'yata, ranar ko taɓa shi ban yi ba," in ji shi. "Shekara guda ke nan ba na gani sai dishi-dishi, yayanki kaɗai ya sani yake rufa min asiri, kuma shi ne ban gani ba a bakin get."