Dashe a Gonar Aro

Ga ta nan, ga ta nanku. Wannan ta manya ce, ba ta 'yan dandali ba.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To gyara zama, ɗana, tunda ka ce baƙi sun zo neman aron filinka, kuma kana jin nauyin gindaya musu sharaɗi.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata gyatuma mai gona ɗaya tal, gadon mahaifinta, jar ƙasa mai tsakuwa da ba ta ba da komai sai gyaɗa da ɗan wake. Wata shekara sai ga wani kamfani da motoci da injin haƙa, suna neman wani ƙarfe da ake kira nikel, wanda aka ce yana kwance a ƙarƙashin jar ƙasar nan. Hukuma ta ba su izinin bincike tun daga dutsen har bakin rafi, amma gonaki na masu su ne, sai suka bi gida gida suna neman aro: za su huda ƙasa, su zaro dutse su duba, su toshe ramin su wuce. A faɗi gaskiya, ba su zo da wulaƙanci ba. Sun haƙa wa gari rijiyar burtsatse, sun ɗauki samari aiki, ko dagwalon injinsu ba su bari ya gangara rafi ba. Gyatuma ta ba su aron gefen gonarta, maƙwabcinta ma ya ba da tasa.

Da suka gama da wajen, shugaban aikin, wani mutum mai fara'a da son gaisuwa, ya ce ba za su bar ƙasa tsirara ba. Aka kawo dashen mangwaro, leburori suka dasa a duk inda inji ya taka, har da ɗan shinge saboda awaki. Maƙwabci ya yi ta sa albarka: ga inuwa, ga 'ya'ya, bai ɗaga ko fartanya ba. Abin da baƙon bai sani ba, maƙwabci kuwa ya sani kunya ta rufe masa baki, shi ne al'adar wurin. Wanda aka ba aron gona yana shuka abin da za a girbe kafin shekara ta juyo, amma ba ya dasa itace. Duk ranar da gardamar gona ta tashi, tambayar farko a bakin dattawa ita ce: wa ya dasa wannan? Wanda ya dasa itace, shi ake ba ƙasar.

Gyatuma ba ta je a ɓoye ba. Ta jira ranar kasuwa da hantsi, lokacin da hanyar gefen gonar ta cika da masu jakuna da masu tallar nono, ta ci ɗamara, ta bi dashen tana tumɓukewa da ƙasarsu, tana jerawa a inuwa don kada su mutu. Aka kira mai gari, aka kira shugaban aikin.

"Haba Inna," in ji baƙon, "kyauta ce fa. Ba mu nemi komai ba."

"Allah ya saka, ɗana. Kai ba ka nema ba. Wanda zai zo bayanka fa, ka san shi?"

Mai gari ya ce, "Ke ba kya jin kunyar baƙo? Mutanen da suka ba mu ruwa?"

"Ranka ya daɗe, ruwan na sha, gobe ma zan sha. In kunya ce ke riƙe gona, a fara da taka."

Mutane suka bushe da dariya, mai gari ya hau gyaran rawani. Ita kuwa ta ɗauki daginta ta haƙa sababbin ramuka daura da na da, ta mai da kowane dashe ƙasa da hannunta, tana ɗaga murya: "Masu nono, ku duba da kyau! Mai jaki, tsaya ka gani, hannun wa ke nan?" Baƙon ya tambaya ko motarsu ta riƙa kawo ruwa. Ta ce ban ruwa kam ta yarda, ai ko matafiyi yana shayar da itace.

Shekaru suka shuɗe, mangwaro ya yi kai. Kamfanin ya sayar da izininsa ga wani kamfani ya kwashe kayansa, mai fara'a ya tafi da fara'arsa. Sababbin suka iso da wayar shinge da wani wakili wanda ya san al'adar wurin sarai. A gonar maƙwabci ya dafa itace ya tambayi dattawa wa ya dasa. Maƙwabci ya rantse kyauta ce, ya yi ta rantsuwa, amma mai ba da kyautar ya yi nisa, dattawa kuma suka sunkuyar da kai. Har yau yana hanyar kotu, mangwaron yana nuna a bayan waya. Da aka zo gonar gyatuma, wakili bai ma rufe baki ba masu nono da masu jakuna suka amsa masa. Tana zaune a gindin itacen tana ɓare gyaɗa, ko miƙewa ba ta yi ba. Waya ta kewaye gonarta kamar yadda rafi ke kewaye dutse.

Don haka ka tarbi baƙonka, ka shimfiɗa masa tabarma, ka sha ruwansa ka gode. Amma abin da zai yi saiwa a ƙasarka, hannunka ya sa shi, kuma da rana tsaka. Mutumin kirki ma tafiya yake yi, alkawarinsa ya bi shi. Ai Hausawa sun faɗa tun ba mu zo duniya ba: baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya ce ƙarya na shara, ya je ya tambayi mangwaron.