Ƙudajen Tsibirai Biyu

Habbena tana dawowa daga jami'a ta saki salati. Ƙananan ƙudajen da ta kamo a tsibirai biyu na Tafkin Chadi don bincikenta, mahaifiyarta ta juye su a kwalba ɗaya.

"Man shanu zan zuba a ɗayar," in ji tsohuwar. "Ba ke kika ce asalinsu ɗaya ba?"

Habbena ta leƙa kwalbar, ta sadaƙar sun cakuɗe. Sai ta ga mazan wannan tsibiri suna ta kaɗa fukafukai, matan wancan sun juya musu baya. Ruwa ya raba su har sun daina gane juna.

Tsohuwar ma ta leƙa, ta ce:

"Haka dangin kakanki suka yi mini ranar da na je Katsina."