Karan Dawa a Hannun Inna

Shekarata bakwai lokacin da annobar amai da gudawa ta faɗa wa Rabah. Inna ma'aikaciyar jinya ce, tana aiki a ɗakin da aka keɓe wa masu cutar.

Wata rana da la'asar ta shigo gida jini na zuba daga goshinta, farar rigarta a yage har kafaɗa, takalmi a ƙafa ɗaya. Wani dattijo ne ya rasu a wurinsu, aka hana danginsa kai gawar gida su yi mata wanka, sai suka rufe Inna da jifa a bakin ƙofa.

Na kwasa da gudu zan rungume ta. Ta zare karan dawa daga jikin danga ta zabga mini a damtse, ta ƙara, ta ƙara, har karan ya tsage ya yanke ni.

"Kak ki taɓa ni! Mi nic ce maki? Ja da baya!"

Na faɗi ina ihu. Kakata ce ta zo ta ɗaure mini hannu. Inna na tsugune can bayan rumbu, hannayenta biyu cikin bokitin ruwan kashe ƙwayar cuta, warinsa ya cika tsakar gida.

"Iya, duba mani, ya yi zurfi?"

Raunina take tambaya, jinin goshinta na ɗiga cikin bokitin.

Ba ta taɓa dukana ba sai ranar. Yau ko wanki nake na ji wannan warin, sai hannuna ya kai kan tabon. Mutanen nan kuwa, har yau ban yafe musu ba.