Rubutun da Ke Giftawa Kafin Kwamfuta Ta Buɗe

An yi wani mutum da ya shekara goma sha ɗaya a Kurmi yana nema. Da ya dawo gida ya tarar mahaifiyarsa ta tsufa, ido ya yi rauni, amma murya na nan garau. Sai ya sayi kwamfuta ta gwanjo, ya riƙa zaunar da tsohuwa a gindin darbejiya yana ɗaukar muryarta: waƙoƙin niƙa, na daɓe, da sunayen kakanni har hawa bakwai. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa. Muryar nan ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan na'ura.

To, kwamfutar tana da wata ɗabi'a. Duk sanda ya kunna ta, kafin ta buɗe, sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ta yi 'yar ƙara, wasu fararen layuka biyu na Turanci su gifta kamar walƙiya. Kafin idonsa ya kai ƙarshen kalmar farko sun ɓace. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ɗauke ta gaisuwa ce irin ta maƙwabci a ƙofar gida, wadda ake amsawa ana tafiya. Sai ya ce mata, "Lafiya lau, ya kwanan gida?" ya yi dariya ya ci gaba da abin da ke gabansa. Ai haka muke. Mun saba amsawa tun ba mu ji abin da aka ce ba. Aka yi shuka, aka yi noma, aka kai amfani rumbu, kullum tana faɗa, kullum yana amsawa.

Ran nan ƙanwarsa ta zo daga garin da take aure, ta ce, "Yaya, sa mini Inna in ji." Ya kunna. Rubutu ya gifta, na'ura ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ya naɗe ta a zani ya nufi wurin mai gyara. Mai gyara bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Waya ya ɗauko ya saita ta a fuskar kwamfutar, ya ɗauki bidiyo, ya mayar baya a hankali, ya tsayar daidai kan rubutun ya karanta. Ya ce, "Malam, faifan ajiya ne ke cewa ya kusa lalacewa, a kwashe abin da ke ciki. Tun yaushe take nuna wannan?" Ya ce tun kafin ruwan fari. Mai gyara ya sunkuyar da kai. "Da hoton rubutun nan kawai ka kawo mini a lokacin, da kafin azahar mun gama."

Kwana uku ana fama, ba a fitar da ko tari ɗaya na tsohuwa ba. Da yamma suka zauna shi da ƙanwar suna harhaɗa waƙar niƙa da ka. Ita ta tuna farko, shi ya tuna amshi, tsakiyar kuma babu wanda ya rage a raye da za a tambaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.