Jigidar Tasalla

Tun da aka kafa dokar cewa duk mai shan maganin taɓin hankali sai ya ɗaura ɗamarar awo a ƙugu, mai yin ƙara in maganin ya fara yi wa jiki illa, Tasalla da yayanta Ɗanjuma suke ɗaure da iri ɗaya. Tasa ta yi ƙara tuntuni, aka canza masa magani, tumbinsa ya saɓe. Tata kuwa ko tari ba ta taɓa yi ba, domin da awon jikin maza aka ƙera ta.

Tasalla ta yi ta kumbura, ga ƙishirwa, ga jiri. In ta yi ƙorafi, sai Gwaggonsu ta ce, "Ke dai gode wa Allah. Ƙibar nan kwanciyar hankali ce."

Yau aka kawo ɗamara irin ta mata asibiti, mai siffar jigida. Likita Hadizatu ta ɗaura mata a bayan labule, bakin ya haɗe ƙyas, babu maɓalli. Kafin Tasalla ta gyara zani, duwatsun suka yi ja, ƙara ta cika ɗakin.

"Sukari ne da hawan jini," in ji likita. "Sun daɗe a jikinki. Yau za mu canza maganin."

Tasalla ta tuntsire da dariya har da hawaye. Ta yaye labulen, ta tsaya gaban Gwaggo da Ɗanjuma, jigidar na ta ihu a ƙarƙashin hijabi.

"Kashe ta mana, ana kallonmu," Gwaggo ta ce a hankali.

"A'a, Gwaggo, bar ta. Da na faɗa da bakina, cewa kuka yi ciwon ne ke magana. To ga wadda za ku saurara."