Katin Rabe

Ranar da aka raba gadon Sanda Mai Kati, Nazir bai ko kalli awaki da buhunan gero ba. Akwatin ƙarfen da katunan mamacin ke ciki yake so, kuma shi ya samu.

A Gummi babu wanda bai san katunan Sanda ba. 'Yan kwalaye ne kamar tafin hannu, kowanne da zanen ɗan dambe. Gidan Sanda ne masaukin 'yan dambe duk kaka, kuma a katunan ba ka ganin su suna naushi. Wannan yana naɗa zare a hannu, wancan yana shan fura, wani ya miƙe ƙafa a tabarma yana gyangyaɗi. Ranar kasuwa Sanda kan fito da su a aljihu, samari su saya, su yi musaya, su yi rigima a kan wanda ya fi kama da mai shi. Daga baya masu hali na Kano da Abuja suka gan su a waya, suka fara saye suna sakawa a gilashi.

Nazir ɗan ƙanen Sanda ne. Ɗan Sanda guda ɗaya, Rabe, shi ma ɗan dambe, ramin zinariya ya rufta da shi a wajen Anka tun da daɗewa, don haka yawancin gadon ya gangaro gidan su Nazir.

Shi Nazir zane bai dame shi ba. Da za ka rufe kati ka tambaye shi mutumin ciki a zaune yake ko a tsaye, sai ya sosa ƙeya. Abu biyu ya sani: mai zanen ya rasu, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Sai ya hura wuta a tsakar gidan mamacin, ya jingina wayarsa tana ɗauka don masu saye su shaida, ya shiga ƙona duk katin da ke da ɗan'uwa.

Na Rabe biyu ne. Ɗaya fes, ɗaya tsoho wanda hayaƙi ya dafe, da aka ciro daga bangon ɗakin Inna Yalwa, matar Sanda, aka haɗa cikin gado.

"Naziru, bar min wanga guda," in ji Inna Yalwa daga bakin ƙofa. "Ya tsuhwa, ba ya yi maka kuɗɗi."

"Inna, in dai biyu na, ko guda bai da daraja."

Ya jefa shi a wuta. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har ya zama toka, sannan ta saki labule ta ci gaba da takabarta.

Nazir ya sayar da gonarsa da babur, ya bi Bukkuyum har Nasarawa Burkullu yana saye duk katin da ya rage a hannun mutane. Ya ƙona na ƙonawa, ya adana na adanawa. Wani dillali daga Kano, Alhaji Mas'ud, ya yi alkawarin zai zo bayan Sallah ya kwashe su gaba ɗaya. Tun kafin ya zo, Nazir ya soma tafiya yana ɗaga kafaɗa, gaisuwa ma sai ya ga dama.

Ana saura kaɗan Sallah ya ga katin Rabe a teburin mai shayi, an danne shi da gwangwanin madara. Washegari ya ga wani manne a tankin ɗan acaɓa. Kafin mako ya zagayo, yara na wasa da su a bakin masallaci, Rabe da sauran 'yan damben duka, sababbi fil.

Ya bi sawu kamar zautacce. Mai shayi ya ce matarsa ta samo a gidan suna. Ɗan acaɓa ya ce a cikin garar ƙanwarsa aka tsinta. Ba wanda ya saya, kowa kyauta aka ba shi, kuma duk inda Nazir ya biyo sai sawun ya ƙare a zauren da namiji ba ya wucewa.

"Jabu ne!" Haka ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

Alhaji Mas'ud ya iso, ya jera na Nazir da na mai shayi, ya duƙa kansu da gilashin ƙara girma. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Hannu ɗaya ne," ya ce. "Na mai shayin ma ya fi naka kyau. Ka ce mini guda-guda suka rage a duniya, ga shi ana fifita da su."

Ya shiga mota ko ruwa bai sha ba.

Da la'asar Nazir ya faɗa gidan Sanda ba sallama, idanu jajur.

"Inna, don Allah, Baba ya ɓoye wani akwati?"

"Kai ka kwashe komi, Naziru. Gaban idona."

"To daga ina suka hitowa? Gonata ta tahi, Inna!"

"Allah shi mayar maka da alheri," ta ce, ko ɗigon tausayi babu a muryar.

Da ya fita, ta saki labule, ta jawo kwali da 'yan gwangwanayen fenti daga ƙarƙashin gado. Sanda bai taɓa riƙe burushi ba, ita ke zanawa, shi kasuwa kawai yake kaiwa da sunansa. Ta sake fitar da fuskar Rabe, kuma za ta yi ta fitarwa har Nazir ya rasa ko na sabulu, don katin nan da ya ƙona mata shi kaɗai ne ta zana ɗanta yana zaune a gabanta.