Kazar Inna

Sa'adu ya dawo Matameye daga cirani da mikro-ond, injin narkar da ƙanƙara da gasa nama. Ranar da budurwarsa Baiwa ta zo gaida mahaifiyarsa, ya jefa kazar firiza ciki, bai narkar ba, ya danna maɓallin gashi.

Kazar ta fito jawur. Baiwa ta sa wuƙa, sai jini da ƙanƙara, ga ƙarni. Ta toshe hanci.

"Bar ta," ya ce yana dariya. "A kai wa Inna, ai ba ta gani. Ke dai, yaushe zan turo magabatana?"

Baiwa ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin tsohuwar. Ta goge yatsunta, ta ja mayafi.

"Kada ka turo kowa. Ranar da idona ya tafi, abin da za ka ba ni ke nan."